Ƙunshi a Unguwar Lalle

Motar da ta taso daga Isa za ta Sabon Birni ta yi faci a hanya, fasinjoji suka fito suka zauna gindin wata tsamiya. Kafin direba ya canja taya, hira ta kai su ga garuruwan da mutum ya je ya yi da-na-sanin zuwa. Kowa ya faɗi nasa ana dariya.

Sadiƙa, budurwa mai sana'ar ƙunshi a Isa, tana zaune kusa da yayarta Adda. Ta ce, "Ni dai Unguwar Lalle. Bara na tai yi ma wata amarya ƙunshi. Jin sunan, na ɗauka gari ne kore shar. Na iske rabin gidaje a kulle, kasuwa ba kowa, ko ruwan sanyi babu. Har awakinsu ba su da walwala."

Wani saurayi mai farar riga ya ɗago kai yana murmushi.

"Can anka haife ni, ƙanwata."

Kunya ta rufe Sadiƙa, ta ja hijabi ta kare fuska.

"Kar ki ji komi," in ji shi. "Gaskiya kinka faɗi. Kin zo lokacin da mutane sunka gudu saboda 'yan bindiga. Da kin san garin da, da kin yi mai kuka, ba dariya ba."

Sunansa Abdurra'uf, manomi ne. Kafin su rabu a tasha ya roƙi Adda lambar ƙanwarta cikin ladabi.

Da yamma saƙo ya shigo: "Assalamu alaikum. Mutumin garin da awaki ba su walwala ne. Kin isa lafiya?"

Ta amsa: "Don Allah ka yafe min. Bakina ya fi ni sauri."

"Na yafe. Amma za ni riƙa tuna miki har ki zo ki ba awakin haƙuri."

Tun daga nan kullum sai sun gaisa. Yana ce mata Sadina, tana ce masa Manomina. Ran kasuwar Isa yakan zo zance da tsarabar gyaɗa, ya tafi tun rana ba ta karkata ba saboda hanya.

Da manyansa suka zo neman aure, mahaifinta Malam Muntaka ya ƙi.

"Ke da bakinki kinka ba mu labarin garin ga," ya ce mata. "Yaron ba shi da aibi. Amma ba ni kai ɗiyata inda za ni kwana ina fargaba."

Ya tura ta Sakkwato wurin Gwaggo Hajjo, ko zuciyarta ta huce.

Tun tana ƙarama take mafarkin Sakkwato. Ga fitilu, ga manyan shaguna, ga matan da ke layi don ta yi musu ƙunshi. Amma ba abin da ya yi mata daɗi. Takan tsaya bakin titi ta ga dubban fuskoki, babu wadda take nema. A lokacin ne kuma aka yanke layin waya a yankin su Abdurra'uf. Ta kira har ta gaji. Takan buɗe tsofaffin saƙonninsa ta karanta, ta kife wayar a ƙirji.

Mus'ab, ɗan Gwaggo Hajjo mai shagon waya, ya fara kawo mata turare da atamfa.

"Sadiƙa, mutanen can duk sun ƙetara Nijar," ya ce. "Wa ya sani, ƙila ma ya yi aure. Mi za ki yi da ƙauye, ga birni?"

Maganar ta zauna mata a rai. Akwai wata baƙuwar lamba ta ƙasar waje da ke yawan kiranta, tana kashewa, don ta ɗauka 'yan damfara ne. Wata safiya lambar ta turo saƙo:

"Sadina, ni ne. Layin Nijar na saya. Sai na hau mashin na kusanci iyaka kana in samu sabis, in na kira kuma ki kashe. In fushi kike, ki faɗa min laifina. In an ba ki wani, ki faɗa min in yi miki addu'a. Gero ya fid da kai, ba ni da wanda za ni ba labari."

Nan take ta kira. Da ta ji muryarsa sai kuka.

"Manomina, ban san kai ne ba. Wallahi ban sani ba."

"To ki bar kuka, iska na ɗauke maganarki. Yaya birni?"

"Ba kowa cikinsa."

Ta mayar wa Mus'ab kayansa, ta ba shi haƙuri, ta koma Isa. Ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ba ni saɓa maka. Abu guda nike roƙo. Ka tai ka ga garin da idonka, kar ka tsaya ga maganata ta wauta."

Malam Muntaka ya daɗe yana kallonta, ya ga yadda ta rame. Ran kasuwa ya shirya ya tafi ba tare da ya sanar da kowa a can ba.

Ya dawo da la'asar, ya sha ruwa, ya kira ta.

"Garin kam ba shi da daɗin gani, ba ki yi ƙarya ba. Amma na iske yaron ga cikin gonar wata tsohuwa da ɗiyanta sunka tafi sunka bari, yana yi mata girbi. Na tambaye shi don mi bai gudu ba. Yac ce in ya tafi, wa za ya ɗebo ma tsofaffin ruwa?"

Sannan ya ce, "Na ba shi. Sharaɗina, ya kama miki ɗaki Sabon Birni, ya riƙa zuwa gona daga can, har Allah ya kawo sauƙi."

Sadiƙa ta kife fuska a cinyar Adda, ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka.

Bayan an gama kai amfanin gona rumbu aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Muntaka. Tsohuwar nan ta matsa sai an kawo ta, aka ɗauko ta a mota tana rungume da ƙwaryar gero. Ta kama hannun amarya ta ɗora a na ango.

"Ɗiyata, ba ni da abin ba ki sai wanga. Allah shi ba ku zaman lafiya, shi ba ku zuri'a mai jin ƙanku. Allah shi maido muna mutanenmu gida."

Mata suka amsa da amin, guɗa ta tashi. Abdurra'uf ya sunkuyo ya ce a hankali, "Sadina, kin zo gare ni ke nan?"

"Na zo," ta ce.