Ƙofar Ɗakin Saba

Ranar da aka kawo ƙarar, Sufeto ba ta tsaya dogon tunani ba. Yarinya 'yar shekara biyu ta ƙone a hannu a wani gidan renon yara, an tarar da fulas ɗin ruwan zafi a kife kusa da ita, mai renon kuma ta amsa da bakinta cewa ita ta ajiye shi. Sufeto tana da ɗa wanda bai fi yarinyar ba. Zuciya ta ɗebe ta, ta sa hannu aka kai mai renon bayan kanta.

Anti Ƙarama suke kiranta, don ita ce mafi ƙanƙanta a masu renon. Ba ta yi gardama ba. Kuka kawai take yi, tana cewa, "Wallahi a kan tebur na ajiye shi, kuma a rufe yake."

Wannan kukan ne ya hana Sufeto sakewa. Washegari da safe ta ɓamɓare yatsun ɗanta daga gefen rigarta, ta miƙa shi ga mahaifiyarta yana tsala ihu, ta wuce asibiti kafin a rubuta takardar kai ƙara kotu.

Yarinyar tana barci, hannun dama a naɗe da bandeji. 'Yar Baba ake ce mata, don ba ta yarda da kowa in ubanta yana wuri. Uwar na zaune a gefen gado, idanu sun kumbura.

Likita ya ja Sufeto gefe.

"Ranki ya daɗe, wa ya ce ruwan zafi ne?"

"Kowa."

"To kowa ya yi kuskure. Ruwan zafi yakan malale, ya sale fata. Wannan 'yan ramuka ne masu zurfi a tafin hannu da yatsu. Wayar lantarki ta damƙa. Da an faɗa mana tun farko, da zuciyarta muka fara dubawa. Allah ne ya tsare."

Sufeto ta koma wajen uwar, ta zauna kusa da ita.

"Maman 'Yar Baba, ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Laifina ne, Sufeto. Akwai kyamara a gidan, a wayata nake kallonta kullum daga wurin aiki. Jiya kaɗai na shagala. Sai da aka kira ni, ina cikin mota, na buɗe. Na ga tsakar gida, na ga fulas a ƙasa, ana goge ruwa."

"Kina nufin bayan abin ya faru, kyamarar tana aiki?"

"Tana yi. Da yamma ne na sake buɗewa don in mayar da hoton baya in ga yadda aka yi, sai ta ce ba ta san ni ba. Babanta ya ce na'urar ce ta lalace a hannunsa. Shi ne injiniyan da ke kula musu da ita, shi ya sa ma muka kai ta can."

"Shi ya kawo ta asibiti?"

"A'a, Hajiya mai gidan ce. Shi ya tsaya kashe na'ura, ya biyo baya."

Sufeto dai ta san in ɗanta ya ƙone, ko ofishinsu ne ke cin wuta ba za ta waiwaya ba.

Ta ɗauki Kofur ɗin da ke kula da kwamfutocin ofis, wanda suke tsokana da Farfesa, suka nufi gidan renon.

A bakin ƙofa suka tarar da masu reno sun yi cirko-cirko a gaban na'urar dangwala yatsa ta shaidar zuwa aiki. Duk wadda ta ɗora yatsa, sai na'urar ta yi ƙara ta ƙi.

"Shekara nawa ina dangwala mata, yau ta ce ba ta san ni ba," in ji wata dattijuwa. "Kamar ɗan da ya yi kuɗi."

Hajiya mai gidan ta kai su ofishinta, ta ba su kujera.

"Hajiya, me Injiniya ya zo yi jiya?"

"Aikin saba. Babbar kwamfutar nan da ke riƙe hotunan kyamara da sunayen yara da komai. Manhajar da ke tafiyar da ita ta tsufa, masu ita sun daina kula da ita."

"Ke kika ce ya zo?"

"Ni na matsa masa. Mun daɗe muna ja-in-ja. Wani ya ce min gara a share komai a ɗora sabuwa fil, ta fi sauri. Injiniya ya ce sam. Ya ce ɗaga ta zai yi zuwa sabon samfuri, komai yana inda yake, don kada iyaye su rasa hotunan 'ya'yansu. Har cewa ya yi, 'Hajiya, ba a rushe gida don kwano ya yi tsatsa.' Na gaji na bar shi."

"Wa ya fara ganin yarinyar?"

"Shi. Ihunsa na ji, na fito na gan shi rungume da ita, ga fulas a ƙasa. Na ce wace marar hankali ce ta bar wannan a nan?" Hajiya ta sunkuyar da kai. "Ni na fara nuna Anti Ƙarama da yatsa. Marainiya ce, ni na ɗauko ta aiki."

Ɗakin saba yana ƙarshen baranda, ɗan tsukuku, ba taga. Hajiya ta buɗe da makullinta. Zafi ya buso su kamar an buɗe tanda.

"Na'urar sanyaya ɗakin ta mutu tun makon jiya," in ji Hajiya.

Kofur ya zauna a gaban allo, ya yi 'yan danne-danne, ya yi tsaki.

"Ranki ya daɗe, wannan ba ɗagawa ba ce."

"Yi min Hausa, Farfesa."

"Ɗagawa kamar a canja wa gida rufi ne, kaya suna ciki. In ta yi gardama a tsakiya, ɗakin zai hargitse, amma kayan suna nan. Wannan kuwa an kwashe komai an share, an yi sabon fenti. Shi ya sa na'urar yatsa ta manta da mutane."

"Ba ta yin haka da kanta?"

"Ina! Sai ta tambaye ka, ta sake tambayarka ko ka tabbata. Sai ka ce mata e."

Sufeto ta bar shi da allonsa, ta durƙusa. Ita ba ta san kwamfuta ba, amma ta san yadda ake duba ɗaki da idon mai rarrafe, don haka take yi a gidanta kullum. A bakin ƙofa akwai zagayen tsatsa a kan tayil, daidai gindin tukunyar kashe gobara da ke rataye a bango. Wani ya sauke ta ya tokare ƙofa. A bayan akwatin saba ta jawo wata 'yar fanka. Wayarta ba ta da kai, bakin wayar tsirara ne, ya yi baƙi.

Can ƙarƙashin tebur kuma ta hango wani abu ja. Ta miƙa hannu ta ciro. Ribom ne na gashin yara, mai ɗan malam-buɗe-littafi a jiki. Irinsa ɗaya ta gani a kan 'Yar Baba a gadon asibiti, ɗaya gefen kitson babu.

Ta daɗe riƙe da shi kafin ta miƙe.

Bayan azahar Injiniya ya zo ofis. Matashi ne mai tsafta, amma rigar jiya ce a jikinsa.

"Sannu, Injiniya. Ya jikin 'Yar Baba?"

"Da sauƙi, ranki ya daɗe."

"Ba ni labarin jiya."

"Na je aikin ɗaga saba. Ta lalace a tsakiya, komai ya tafi. Na kulle ɗakin na fito, sai na gan ta a baranda kusa da fulas."

"Ta lalace kafin ka ga yarinyar?"

"Kafin."

"A cikin wannan zafin, ƙofa a rufe ka yi aiki?"

"Kullum a rufe nake yi. Gidan yara ne."

"Ka yi kwafin ajiya kafin ka fara?"

"Na yi, da sassafe. Ba na taɓa na'ura ban yi ba."

"Wato duk abin da ke ciki za a iya dawo da shi."

"Za a iya."

"Sai hotunan jiya da hantsi kaɗai ne ba za su dawo ba."

Sufeto ta ci gaba.

"Matarka ta kalli tsakar gidan a wayarta tana hanyar asibiti, Injiniya. Kyamara tana aiki a lokacin. Saba da ta mutu ba ta nuna hoto. Kuma Hajiya ta ce kai ne mai cewa ba a rushe gida don kwano ya yi tsatsa. Me ya sa jiya ka rushe?"

"Wani lokaci dole ce take sa..."

Sufeto ta buɗe aljihun tebur, ta ajiye ribom ɗin a gabansa.

Ya kalle shi. Ya kai hannu kamar zai ɗauka, ya fasa. Sai hawaye suka zubo masa.

"Ni na ɗaura mata shi da safe," in ji shi. "Mamanta tana sauri."

Sufeto ta tura masa ruwa, ta jira.

"Zafi ya yi yawa, na ji tsoron na'urar ta ɗauke a tsakiyar aiki. Na tokare ƙofa, na cusa wayar fanka a soket ɗin ƙasa. Na ce ai yanzu zan gama. Na manta fulashi, ɗan abin da na zubo sabuwar manhajar a ciki, a mota, na fita ɗaukowa. Ashe ta ji muryata tun ɗazu. Anti tana canja wa wani jariri nafkin, ita kuma ta sulale ta zo nemana." Ya share fuska da hannun riga. "Na dawo na same ta a ƙasa. Na fizge wayar, na ɗauke ta na fito a guje, ƙafata ta bugi tebur, fulas ya faɗi ya fashe. Hajiya ta fito tana cewa wa ya bar fulas. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, maganar ta ƙi fita."

"Sai ka koma ɗakin."

"Na koma. Na kunna hoton, na ga yadda ta shigo tana dariya, tana leƙa bayan tebur, ta ɗauka ɓuya nake mata. Na tuna mamanta za ta iya mayar da shi baya a wayarta. Aikin ɗagawar yana jira in danna masa kawai. Na soke shi, na zaɓi sharewa. Na'urar ta tambaye ni ko na tabbata." Ya kalli ribom ɗin. "Na ce e."

"Ka bar likita yana maganin ruwan zafi, alhali zuciyar 'yarka ce a hatsari."

"Na sani."

"Ka bar 'yar mutane ta kwana a sel."

"Na sani, ranki ya daɗe. Kowace sa'a ina cewa yanzu zan faɗa. Sai in kalli mamanta."

Sufeto ta so ta yi masa tsawa, amma ta fasa. Ƙofar da ya bari a buɗe, kowane mai ɗa ya taɓa barin irinta, Allah ne ke rufa asiri. Kuma ba shi ya sa hannu aka kulle Anti Ƙarama ba, ita ce ta sa.

"Barin ƙofa ganganci ne, wannan kotu za ta duba," in ji ta. "Amma ɓatar da shaida da ƙaryar da ka yi mana, da hankalinka ka yi su. Kofur."

Kofur ya ciro ankwa. Sufeto ta girgiza kai, ya mayar da ita aljihu, ya riƙe Injiniya a hannu kawai. A bakin ƙofa Injiniya ya tsaya.

"Ranki ya daɗe, wa zai faɗa wa mamanta?"

"Kai. Zan kawo ta nan, ka faɗa mata da bakinka. Tun jiya take cewa laifinta ne. Wannan kam ba zan bari ta ƙara kwana da shi ba."

Aka wuce da shi.

Sufeto ta karɓi makullin sel daga hannun mai kanta, ta je da kanta. A hanya ta shirya kalaman ban haƙuri, ta sake shirya su, duk ba su yi mata ba.

Anti Ƙarama tana zaune a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa, sauro ya yi mata kaca-kaca da hannuwa. Da ta ji ƙarar ƙofa ta miƙe a firgice.

"Fito, ƙanwata. Ba ke ba ce. Ni na yi gaggawa, ki yafe..."

"Ranki ya daɗe," yarinyar ta katse ta, ta kama hannunta da hannu biyu, "ya hannun 'Yar Baba? Don Allah a faɗa musu ba ta shan magani sai an yi mata waƙa."