Yi Min Murmushi, Baba

Tun da Da-som ta ce za ta kawo saurayinta cin abincin rana jikina ya ba ni ranar ba za ta ƙare lafiya ba. Na ɗauka daga wajensa matsalar za ta ɓullo.

Ita kaɗai na haifa. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti nan Tongyeong, shi ma saurayin, Tae-ung, aikinsa ke nan.

"Baba, ina sonsa..."

"Namiji da goge majinyata? Ga ɗan mai kantin magani kullum sai ya aiko mana da kifi! Ya ma gaya min yaron nan ba shi da kunya."

"To Baba, ka auri kifin mana."

Tae-ung ya zo, ya durƙusa har goshinsa ya taɓa ƙasa.

"Mun same ku lafiya, Baba?"

"Wa ya haife ka a gidan nan?"

Ya zuba min shayin sha'ir da hannu biyu, kansa a sunkuye. Na miƙa hannun dama, kofin ya suɓuce.

Sai ya ɗago ya ƙura min ido. Ido cikin ido, a gidana!

"Baba, yi min murmushi."

Na so in ce ni ba sa'ansa ba ne. Abin da ya fito daga bakina, ni kaina ban gane shi ba.

"Rufe ido, ka ɗaga hannu biyu."

Don haushi na ɗaga. Na dama ya sulale ƙasa.

Da-som, wadda take yi wa mutane wannan gwajin kullum, ta daskare.

"Yaya... babana ne fa..."

"Na sani, zuciyata. Amma yanzu majinyaci ne. Ƙarfe nawa?"

"Sha biyu da minti arba'in."

"Riƙe wannan lokacin. Kira motar asibiti!"

Ta ɗauko min ruwa, ya tare.

"Ko ɗigo! Zai iya shaƙewa."

Ya kwantar da ni ta gefe, ya kwance min wuyan riga, yatsunsa a kan jijiyar hannuna yana ƙirga.

Likita ya ce jini ne ya toshe hanya a ƙwaƙwalwata, kuma sanin minti na farko ne ya sa suka iya yi min allurar narkar da shi.

Kwana tara kafin harshena ya saki. Ranar Tae-ung ne ke ba ni kunun shinkafa, yana kallon maƙogwarona duk cokali.

"Kai... iyayenka... su zo."

Da-som ta kifa kai a kafaɗarsa tana kuka.

"Kin ji, farin cikina? Kalma huɗu a jere!"

An sa rana bayan bikin girbi. Ni zan riƙe hannunta in taka da ita har gabansa, taku ashirin. Jiya na yi shida. Ko ƙafar nan za ta cika sauran kafin ranar, likita bai sani ba, ni ma ban sani ba.