Wasila da Karenta Duna

Da hantsi aka kira Sufeto Tajuddeen cewa an tsinci gawar mace a gefen wata gona kusa da Kekun Waje. Ya ɗauki Saje Mu'azu suka bar Bungudu a motar sintiri.

Matar tana kwance a 'yar hanyar da ta bi gefen dawa, an rufe ta da zane. Ƙwaryarta ta kife, nono ya bushe a ƙasa. Wani makiyayi dogo yana tsugune kusa da kanta.

"Kai ne mijinta?"

"Ni ne, Yallaɓai. Haruna. Sunanta Wasila. Tallan nono ta fito."

"Ita kaɗai?"

"Da Duna, karenmu. Ba ya rabuwa da ita. Har yanzu bai koma ruga ba."

Wani mutum cikin farar shadda ya matso yana kaɗa makullin mota. Alhaji Abdulƙadir ke nan, mai gonar, mazaunin Gusau.

"Sufeto, kada ka wahal da kanka. 'Yan bindiga ne. Wa bai san halin da muke ciki ba? A ba su gawa su yi mata sutura."

Sufeto ya ɗaga zanen kaɗan. 'Yan kunnenta na azurfa suna nan, ba a taɓa su ba.

"'Yan bindiga, amma ba su ɗauki komai ba, ba su kora ko akuya ba?" Ya saki zanen. "Duk wanda aka kashe a ƙasar nan sai a ce su ne, kowa ya kama gabansa. Wannan ba za ta tafi haka ba."

Ya zagaya wurin. Kusa da gawar akwai wani jinin daban, da baƙin gashi manne da ciyawa. An ja wani abu daga nan zuwa cikin dawa, sannan aka share sawun da reshe.

"Alhaji, ina kake da safe?"

"Gusau. Yanzu na iso. In kana neman mai bindiga, ga Jatau maharbi can. Kowa ya ji shi yana rantsuwa a kan karen Fulanin nan."

Sun sami Jatau a ƙofar gidansa yana jiƙa wa karnukansa dusa. Da ya ga kaki sai ya miƙe.

"Ka fita daji yau?"

"Ban fita ba, Yallaɓai."

Saje ya nuna wandonsa, jiƙe da raɓa har gwiwa, ƙarangiya ta cika shi. Daga cikin zaure kuma ga ƙafar zomo tana leƙowa daga buhu.

"Wannan zomon da kansa ya kawo maka gaisuwa?"

Jatau ya sunkuyar da kai. "Na fita. Tsoro ne ya sa na yi ƙarya. Alhaji ya hana mu ratsa gonarsa, ya ce karnukanmu na karya masa dawa, suna cinye masa zabi. Bara an zuba guba, uku suka mutu mini."

"Karen Haruna fa?"

"Na yi faɗa da Haruna, gaskiya ne. Duna yana kore mana nama. Amma in harbi Wasila? Matar da take ba iyalina nono kyauta ranar suna?"

"Ka ji harbi?"

"Na ji, bayan rana ta ɗan ɗago. Ba irin bindigarmu ba ce. Tamu tana da gurnani, wannan tsaf ta yi."

Saje ya karɓi bindigar tokarsa ya shinshina bakinta, ya zazzage ɗurin. Guntayen ƙusa ne da gutsattsarin ƙarfe.

Bayan azahar likitan asibitin da aka kai gawar ya kira Sufeto. A cikin faranti ya nuna masa ƙananan ƙwayoyin dalma, mulmulallu iri ɗaya.

"Na harsashin kanti ne, irin na bindiga mai baki biyu. Amma ba shi ya fi damuna ba. A cinya ya same ta. Jini ne ya ƙare mata a hankali. Da an ɗaure wurin an kawo ta, da yanzu tana magana da kai."

Sufeto ya fita ya bugo ƙofar motar da ƙarfi har Saje ya zabura.

"Koma Kekun Waje. Mu ɗauko Jatau da karnukansa."

Aka kai karnukan inda baƙin gashin yake. Suka shinshina, suka kutsa cikin dawa, mutane na biye. Ba su tsaya ba sai bayan ɗakin ajiyar taki na gonar, inda ƙasa take sabuwa. Suka hau tono. Ƙafar baƙin kare ta fito.

Haruna ya dafa bango. "Duna ne."

Alhaji Abdulƙadir yana tsaye, goshinsa na naso.

"Wani ne ya binne shi nan don a ɓata mini suna."

"Buɗe ɗakin."

"Na bar makullin a Gusau."

"Wannan da ke hannunka tun safe fa, na mene ne?"

Saje ya karɓi tarin makullan. Na biyu ya buɗe kwaɗon. Bayan buhunan taki ga bindiga mai baki biyu naɗe da tabarma, ga shebur da ɗanyar ƙasa a bakinsa. A kujerar bayan motar Alhaji kuma aka sami wata shaddar a dunƙule, hannunta duk jini da baƙin gashi.

Alhaji ya zauna a kan buhu.

"Kare na harba," ya ce. "Wallahi kare na harba. Zabina sun ƙare, Sufeto. Na gaya musu, na sake gaya musu. Na gan shi yana fitowa daga dawa na saki. Ban san tana bayansa ba."

"Da ka matsa ka gan ta, tana da rai?"

Alhaji ya kau da kai.

"Alhaji, da kai nake."

"Tana da rai."

"Ta yi magana?"

"Ta ce... ta ce, Alhaji, taimake ni."

Jatau ya yi salati. Haruna ya yunƙuro, Saje ya tare shi da ƙirji.

Sufeto ya tsaya a kan Alhaji.

"Ga motarka a bakin gona, ga titi. Ka sami ƙarfin jan kare har nan, ka haƙa rami, ka share sawu, ka sauya riga. Duk tana kwance tana kiranka. Sannan ka dawo kana nuna mini gidan wani."

"Tsoro na ji. Ka san mutanen nan, da sun ƙone mini gona. Sufeto, mu yi magana mana, ni da kai..."

"Za ka yi ta a gaban alƙali. Miƙo hannu."

Ankwa ta kama. Aka ratsa da shi cikin dawarsa, jama'a suka dare ba wanda ya ce masa sannu. A bakin hanya Haruna ya sunkuya ya ɗauki ƙwaryar matarsa, ya kakkaɓe ƙasar da ke jikinta.

"Yallaɓai, yanzu za a ba ni ita?"

"Za a ba ka, Malam Haruna. Shiga gaba, mu je tare."