Yawun Gidan Maikano

Da hantsin ranar Talata Hajiya Hajjo ta faɗo ofishin 'yan sanda na unguwar Malaz a Riyad, ta dangwara wata takarda a teburin Sufeto Ghazali.

Ghazali haifaffen Riyad ne, jikan Hausawan da suka zo hajji tun da can suka zauna. Saboda Hausar da ya tsinta a bakin kakarsa, duk rigimar 'yan Najeriya shi ake turo wa, ko ya so ko ya ƙi.

"Yallaɓai, karanta. Haihuwata shida, yau takarda ta ce ni namiji ce."

Ya karanta, ya danne dariyarsa da ƙyar. "Hajiya, faro min daga tushe."

Ashe akwai magidanta bakwai a Riyad da sunan Maikano ke kan iƙamarsu, wato katin izinin zama. Shekara goma sha takwas suna haɗuwa duk Juma'a, suna da biki da jana'iza tare suke yi. Ana zaune ƙalau sai shugabansu, Alhaji Lado, ya jiyo labarin wani gwajin yawu da ake yi wa maza, mai bin jinin uba har kakannin kakanni. Ya ce kowa ya yi, wanda nasa ya saɓa kuma ya nemi danginsa a gaba. Neman magana dai, babu gaira babu dalili.

"Sun ce na maza ne," in ji Hajjo. "Na ce ubana Maikano ne, kuma ni ke tuƙa musu tuwo. Na goga tsinken audugar gwajin a cikin kumatuna, na rubuta H. Maikano a ambulan. Wallahi an sace yawuna an sa na wani ƙato."

Ghazali ya kira likitan ofishinsu ya duba takardar, mai ɗauke da sakamakon su takwas ɗin. Likitan ya ce mace ba ta da abin da gwajin ke nema sam. Ya ƙara da cewa sakamako takwas ɗin nan ko ɗigon bambanci babu, da alama baki ɗaya ne ya yi aikin.

A kasuwar Dira, Sufeto ya iske Alhaji Lado a shagonsa na darduma. Har ya sa sakamakon a gilashi ya rataye.

"Ka gani, yallaɓai? Jini ɗaya sak."

"Har da Hajiya."

"To, ita dama tun tana yarinya akwai jarumta."

"Baba Alhaji, wa ya kai ambulan ɗin gidan waya?"

"Ni da hannuna."

"Rasit ya nuna daga Birnin Masana'antu na Biyu aka aika. Da wannan gwiwar taka ka je can?"

Alhaji ya sosa ƙeya. Ya ce gaskiya Buraima ya ba, ɗaya daga cikin su bakwai ɗin, shi ke aiki a can. Ranar gwajin ma a makare ya zo, bayan Hajjo ta gama rigimarta ta koma kicin.

Washegari Ghazali ya sami Buraima a masana'antar kwali, lokacin hutun azahar. Siririn mutum ne mai furfura, da ladabi kamar zai kwanta.

"Kai tsaye na kai gidan waya, yallaɓai. Ko ruwa ban tsaya sha ba."

"Wane ne H. Maikano?"

"Wani ɗan'uwanmu ne. Mutumin kirki, mai gemu."

Ghazali ya sa ya buɗe lokar da yake ajiye kayansa. Akwai fakitin tsinken auduga na kemis, mai cin goma, saura biyu a ciki. Buraima ya ce na kunne ne. Sufeto ya ce su haɗu ranar Juma'a.

Bayan an sauko daga masallaci aka hallara a falon Alhaji. Ghazali ya zauna a bakin ƙofa.

"Hajiya, Juma'ar da ta biyo bayan gwajin, kowa ya ci tuwo?"

"Ban da Buraima. Mutumin da ke suɗe tukunya, ranar ko yaji ya kasa taɓawa. Wai haƙori, hagu da dama."

"Wanda ya kankare kumatunsa sau takwas dole miya ta gagare shi," in ji Sufeto. "Malam Buraima, ga H. Maikano mai gemu nan a gabanka."

Buraima ya dubi Hajjo, ya sunkuyar da kai. Tsoro da kunya suka haɗe masa.

"Ni ne. Duk takwas ɗin nawa ne. Ban san ubana ba, a tashar mota na tashi. Ejan da ya yi min fasfo ya tambayi sunan mahaifi, na yi shiru, ya rubuta Maikano. Da na zo nan Alhaji ya ga iƙamata ya rungume ni, ya ce ga ƙaninsa. Ku kuka raɗa wa 'ya'yana suna. In kun kore ni, gidan wa zan je?"

Ya ciro wata leda daga aljihu. Tsinkayen gaskiya ne, kowanne da sunan mai shi.

"Na kasa jefa yawun 'yan'uwana a shara."

Ghazali ya karɓi ledar ya ajiye ta a tsakiyar tabarma.

"Ga na gaskiya nan. Wa zai kai gidan waya?"

Alhaji Lado ya ƙura wa fanka ido. Mamane direba ya ce shi ma dai kakansa ba a cika ba da labarinsa ba. Sauran suka shiga gyaran hula. Babu wanda ya miƙa hannu.

"Yalla, tashi Malam Buraima, mu je ka rubuta bayani," in ji Sufeto.

Ya tasa shi gaba. Suna kaiwa bakin mota Alhaji ya biyo su yana ɗingishi.

"Yallaɓai, wa ke iya karɓar belinsa?"

"Sai ɗan'uwa."

Alhaji ya buɗe ƙofar baya ya shiga. Hajjo ta leƙo ta taga ta ce kada su daɗe, ta rage yaji a miyar.