Kujerar Gefen Direba

"Ko angon naki ya tsaya wa yaron nan ya shiga tsere, ko ki cire zoben baikon nan a gabana. Magana ta ƙare!"

Tehmina tana riƙe da kofin shayi a kan faranti. Ta ɗago ta dubi Chacha Dilawar, ƙanin mahaifinta, wanda ya zama uban gida tun ranar da aka kwaso gawar mahaifin nata, Abbu, daga cikin wannan hamada ta Cholistan.

"Chacha, Moiz fa shekararsa sha shida..." ta ce, tana nufin ƙaninta.

"Ubanku yana sha biyar yake keta rairayin nan! Kofin tseren da ya bari a ɗaki so kike ya tsufa shi kaɗai?"

Shahzad, ɗan Chacha, yana kishingiɗe a gadon igiya yana ɓare lemo. Shi dai wannan bawan Allah tun Tehmina tana makaranta yake maitar sonta, ita kuwa ko inuwarsa ba ta son gani.

"Abba, ka bar wahalar da bakinka," ya ce. "Angon nata tsoro yake ji. Ni na rasa me aka gani a jikin ɗan bakanike."

Ba ta kula shi ba. Ta ajiye kofin ta fice daga tantin.

Ƙa'idar tseren hamada ba ɓoyayyiya ba ce. Wanda ya cika sha takwas ba mai hana shi. Wanda bai kai ba kuwa sai wani tsohon hannu ya tsaya masa, kuma a wajen direbobin nan ba a tsaya wa yaro da fatar baki. Duk wanda ya ce yaro ya isa, shi zai zauna a kujerar gefensa, ya ɗaura bel, ya karanta masa hanya har ƙarshe. Bana kuma mai gwada yaran ba kowa ba ne illa Sarmad, wanda saura wata guda a ɗaura masa aure da Tehmina.

Ta same shi a bayan rumfar bakanikai yana goge baƙin mai a hannu.

"Na ji komai," ya ce tun kafin ta buɗe baki. "Muryar Chacha har birnin Bahawalpur ana jin ta."

"Sarmad, don girman Allah ka gaya mini gaskiya. Moiz bai iya ba ne?"

"Ya iya, raina. Wallahi hannunsa ya fi nawa."

"To mene ne?"

"Bai san tsayawa ba." Ya juya ya nuna mata wani dogon tudun rairayi can nesa. "Jiya na hau da shi can. Direba ba ya ganin abin da ke bayan tudun nan sai ya kai ƙololuwa. Na ce masa ɗaga ƙafa. Na sake faɗa. Sai da na daka masa tsawa, shi kuwa dariya yake yana ƙara taka totur. Allah ne ya sa muna da sauran kwana."

Ta san tudun. Ai a bayansa motar Abbu ta kife.

"Idan ka ƙi, za su raba mu..."

Ya dube ta, idanunsa sun kaɗa.

"To zan zauna masa."

"Me ka ce?"

"Ba zan iya rasa ki ba, Tehmina. Zan shiga. Ƙila idan ina gefensa..."

"Ƙila?" Ta damƙe hannun rigarsa, ba ta ko damu da masu wucewa ba. "Ƙila, Sarmad? In haɗa ƙanina da mijina a mota ɗaya in tsaya ina jiran ƙila?"

Sai a lokacin ta gane inda Shahzad ya dosa da zugar da yake yi wa ubansa. In Sarmad ya ƙi, aure ya watse. In ya yarda, hamada ta yi masa aikin. Tsoro ya saukar mata har cikin ƙashi.

Da hantsi aka fito da jif ɗin Abbu, an sake mata fenti ja. Ammi, mahaifiyarsu, ta durƙusa tana ɗaura baƙin ƙyalle a bamba saboda kambun baka, leɓɓanta suna motsi, hawaye yana bin kuncinta. Moiz yana kan sitiyari, an cusa masa matashi a baya don ƙafarsa ta kai birki. Gashin bakinsa ko gama tsirowa bai yi ba, amma sai washe haƙora yake wa jama'a.

"Zagayen gwaji na ƙarshe!" in ji mai riƙe da tuta. "Wa ya tsaya wa yaron?"

Sarmad ya miƙa hannu zai ɗauki hular kwano, sai ya tarar babu ita a kan bonet. Tehmina ta riga shi. Ta naɗe mayafinta a wuya, ta kifa hular, ta buɗe ƙofa ta shige.



"Ke! Kin haukace ne?" Chacha ya yo kanta. "Fito nan, kar ki kunyata mu a gaban maza!"

"Chacha, kai ka ce ya isa. Bismillah, zo ka zauna, in fito."

Chacha ya hau tari, ya ce gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa.

"Shahzad, kai fa? Ai kai ba ka da tsoro."

Shahzad ya duƙa yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Wani tsohon direba ya tuntsire da dariya.

"Al'ada ba ta ce namiji ba, kuma gwaji ne," in ji mai tuta. "Wanda ya tsaya, shi zai zauna."

Sarmad ya riƙe ƙofar, fuskarsa ta yi fari fat.

"Tehmina, na roƙe ki... ki fito. Ki kashe ni da hannunki ya fi mini wannan."

"Ka ɗaura mini bel ɗin, ban iya ba."

Ya ɗaura mata. Ya leƙa ya dubi Moiz.

"Baji, wasa kike, ko?" Moiz ya tambayi yayarsa, dariyar ta ragu.

"Ja mu je. Ba ka ce ka iya ba?"

Tuta ta sauka.

Innalillahi! Ashe haka abin yake daga ciki? Ƙarar inji ta toshe mata kunne, kanta yana bugun ƙarfe, bel yana yankar kafaɗarta. Ƙayoyi suna wucewa ta taga kamar ana fizgar su. Ta so ta yi ihu, ta so ta ce ya tsaya, amma ta san yaron nan. An yi masa tsawa jiya bai ji ba. Sai ta cije leɓe, ta shiga karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

Ga tudun nan yana tasowa.

Moiz ya saka giya, motar ta yi kukan kura ta fara hawa. Tehmina ba ta ganin komai a gilashi sai sama. Ba ta san lokacin da ta ɗora tafinta a kan gwiwarsa ba, kamar yadda take yi masa yana ƙarami idan za su tsallaka titi. Hannun sanyi ƙalau, sai ɓari yake.

Ya waigo. Ya ga idanunta a rufe gam, hawaye yana zuba ta ƙarƙashin hula.

Ƙarar injin ta faɗi. Motar ta ja jiki, ta ja jiki, ta tsaya cak a ƙololuwar tudun, hancinta yana leƙen gangaren da ke ƙasa.

Moiz ya daɗe yana kallon ramin. Bai taɓa ganin zurfinsa ba, don bai taɓa tsayawa ba.

"Nan ne Abbu...?"

"Nan ne."

"Baji, ki sauka. Don Allah ki sauka, sai in ƙarasa."

"In ya yi mini haɗari, kai ma ya yi maka. Shi ma Sarmad yana da uwa, Moiz."

Yaron ya kifa kansa a sitiyari ya fashe da kuka irin na yara, har da shessheƙa.

"Tsoro nake ji, Baji! Kullum ina ji... Chacha ya ce ɗan Abbu ba ya ɗaga ƙafa."

Ya kashe motar, ya zare makulli.

Sarmad ne ya fara isowa. Ko motar da ya biyo su da ita bai kashe ba, ya hau tudun da gudu yana zamewa. Ya fizge ƙofa, ya ga tana numfashi, sai ya zube a rairayi.

"Kada ki sake yi mini haka. Kin ji ko? Har abada!"

"Kai ma kada ka sake ce mini ƙila."

Moiz ya zagayo ya miƙa masa makullin, kansa a ƙasa. Sarmad ya karɓa ya jawo shi jikinsa.

"Ranar da ka cika sha takwas, ni zan zauna a gefenka. Ba don dole ba."

Chacha ya iso yana huci, yana faɗin an zubar masa da mutunci, auren nan kuma an fasa. Ammi, wadda tun rasuwar mijinta ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta sha gabansa.

"Dilawar, hamadar nan ta ci mini miji ina kallo, ban ce komai ba. Yau kuma ka so ka ba ta 'ya'yana biyu. 'Yata ce, kuma aure yana nan ranar da aka sa. In ka ga dama ka zo."

Ya zo ɗin kuwa, ya zauna a can baya yana cin biryani ba ya kallon kowa. Shahzad aka ce zazzaɓi ya kwantar da shi.

Da aka fito da amarya, jif ɗin Abbu ce ke jira a ƙofa, an lulluɓe ta da furanni. Moiz ya riƙe wa yayarsa ƙofa, ya tattara mata jelar riga, sannan ya haye baya ya takure a cikin akwatuna.

Sarmad ya tayar da mota, ya dube ta.

"Mai karanta hanya, ina muka nufa?"

Tehmina ta ɗora tafinta a kan hannunsa. Har yanzu ƙarar injin nan tana sa gabanta faɗuwa.

"Gida," ta ce. "Amma a hankali."