Wanda Ya Shaƙe Layin Asibiti

Ruwan Kogin Haɗeja ya kusa kai wa katangar asibitin Likita Mairam lokacin da Sufeto Yakaka ta iso. An sace kwamfutar da ke ɗauke da bayanan marasa lafiya, ga wata mata daga Auyo kwance ba ta san inda kanta yake ba.

"Akwai allurar da jikinta ba ya ɗauka, ranki ya daɗe," in ji likitar. "Sunan allurar yana cikin kwamfutar."

"Ba kwa ajiye kwafi a wani wuri?"

"Kullum ana turawa Kano ta intanet. Wai rabon da ya isa cikakke tun kafin damina."

Sufeto ta duba ƙofa, ta ga ba a ɓalle kwaɗo ba. Ta sa aka kira Musaddiq, mai kula da na'urorin asibitin.

"Me ya hana kwafin zuwa?"

"Likita ce ta ce in rage masa gudu, don kada ya cinye layin intanet ana tsakar aiki."

"Kaɗan na ce," in ji likitar.

Sufeto ta kira mutanen Kano. Suka ce an rage gudun har ya koma kamar ɗigon famfo. Kafin kwafin yau ya kai rabi, na gobe ya katse shi.

Ta zagaya bayan ginin don ta ga inda layin intanet ɗin yake bi. Wata waya ta fito ta taga, ta haura katanga, ta shige gidan kallon ƙwallo.

"Na waye gidan kallon nan?"

Musaddiq da ya biyo ta ya amsa. "Nawa ne."

"Wato ka shaƙe asibiti don kada ƙwallo ta riƙa tsayawa. Ina kwamfutar?"

Ya durƙushe. "Da ruwa ya matso, Likita ta ce za ta duba kwafin. Shi ne na kai ta ɗakina in tura kwafin a ɓoye. Wallahi zan maido."

A ƙarƙashin gadonsa aka same ta, tana kunne.

"Kada ku cire, ranki ya daɗe, saura kaɗan ya gama," in ji Musaddiq.

Sufeto ta fizge wayar da ke jikin kwamfutar, ta miƙa ta ga wani kofur. "Ruga da ita wurin Likita."

Sannan ta ɗaura wa Musaddiq ankwa, ta tasa ƙeyarsa zuwa mota.