Kabari a Gonar Barau

Wata Laraba da hantsi, a farkon daminar 1975, ɗan aiken dagacin Ɗanzomo ya iso caji ofis na Gumel a kan keke, ya nemi ganin Sufeto Haladu. An ga sabon kabari a gonar wani manomi mai suna Barau, alhali ba a yi rasuwa a garin ba. Matarsa Murja kuwa ta kwana biyu ba a ganinta. Mutane sun riga sun yanke hukunci, har dagaci ya ɓoye Barau a zaurensa don kada a taɓa lafiyarsa.

Sufeto ya ɗauki Kofur Dogo, suka shiga mota.

Kabarin yana ƙarshen gonar, dab da burtalin da shanu ke bi su gangaro daga arewa. Sufeto ya daɗe a tsugune yana dubawa. An daidaita ramin yadda mamaci zai fuskanci alƙibla, an kafa fasasshiyar tukunya wajen kai, an lulluɓe da ƙaya saboda kuraye.

"Dogo, ka taɓa ganin mai kisa ya yi wa wanda ya kashe irin wannan hidima?"

"Ranka ya daɗe, ko ni ban tabbata za a yi mini ita ba."

A zauren dagaci suka sami Barau a takure.

"Ina matarka?"

"Ta tafi biki Gagarawa, yallaɓai."

"Bikin wa?"

Barau ya sunkuyar da kai. "Yaji ta yi. Na kushe miyarta a gaban baƙi. Gidansu kuwa yana hayin iyaka. Kunya ce ta sa na ce biki."

Washegari, da izinin alƙali, aka tona kabarin a gaban liman. Aka ɗage itatuwan da aka rufe ramin da su, aka fito da abin da ke cikin likkafani, sai masu tonon suka dubi juna, don ba shi da nauyi. Da aka warware, ba kome ciki sai karan gero da tsummoki. A inda hannu zai kasance, an ɗaura wani tsohon awarwaron tagulla.

Sufeto ya yi hamdala a zuci. Amma jama'a ba su yi ba.

"Asiri ne! Ya binne matarsa a kara don ta bushe a can inda take!"

Dagaci ya matso ya ce a hankali, "Yallaɓai, in ba a gano wanda ya yi ba, zaman Barau a garin nan ya ƙare."

Sufeto ya juya ƙyallen. An ɗinke bakinsa da keken ɗinki, an yi masa maɗauki kai da ƙafa, abin da ba a yi wa likkafanin gaske. Dogo ya ƙura ido, ya tafa hannu.

"Na san gawar nan, ranka ya daɗe! Na taɓa yi mata kuka. Ta 'yan wasan kwaikwayo ce na garin Sule Tankarkar."

Suka nufi can. Shugaban 'yan wasan, Malam Ilu, malamin firamare ne. Shi da abokansa kaɗan suke wasa ranar kasuwa a filin makaranta, da labulen buhu da benci ɗaya.

"Kun yi ɓatan kaya?"

"Ko allura, yallaɓai."

Sufeto ya shimfiɗa ƙyallen a kan tebur. Malam Ilu ya nemi kujera ya zauna.

"Dattawa sun hana mu nuna gawa a wasa. Na ce musu na ƙone ta, alhali na ɓoye ta a sito. Da ta ɓace, wa zan kai wa ƙara?"

"Me wasan ke faɗa?"

"Makiyayi ne da matarsa, fari ya cinye dabbobinsu, suka taho da ƙafa daga arewa. Tana yi masa tatsuniya a hanya don kada ya kwanta, saboda wanda ya kwanta ba ya tashi. Ta rasu ba ta kai ƙarshen tatsuniyar ba. A ƙarshen wasa mukan yi mata sutura, mu ɗauke ta."

"Wannan fa?" Sufeto ya nuna awarwaron.

"Ba namu ba ne."

"Kai ka ƙagi labarin?"

"A'a. Wani tsoho ne ya ba ni shi a bakin rijiya, Hamma Sajo. Yana yi wa mutane kiwo. Bai taɓa fashin kallon wasan ba, kullum yana can baya a tsaye."

Sun sami Hamma Sajo a gindin wata aduwa, jakinsa na kiwo kusa da shi. Tafin hannunsa duk ya sale, irin salewar wanda ya saba da sanda, ba da magirbi ba.

"Baffa, me ya sami hannunka?"

"Igiyar guga ce, yallaɓai."

"Ka san Ɗanzomo?"

"Ina dai jin sunanta."

Sufeto bai ƙara tambaya ba. Ya zauna a ƙasa kusa da shi, ya ciro awarwaron, ya ajiye a tsakaninsu.

Tsohon ya dube shi. "Kun tone ta?"

"Mun tone, Baffa. Ana zargin wani bawan Allah saboda ita."

Hamma Sajo ya ɗauki awarwaron ya goge shi da bakin rigarsa.

"Na matata Fadimatu ne. Ta ba ni in sayar a hanya, na ƙi. Da ta cika, ni ma na faɗi. Na farka a Maigatari, motar agaji ta kwaso ni. Na koma, ban gane wurin ba, rairayi ya shafe kome. Ban yi mata wanka ba, ban yi mata salla ba, ban san ko wani ya yi ba. Sai yaron nan Ilu ya sa aka yi mata sutura a gaban jama'a. Allah Ya saka masa. Amma ran nan na leƙa ta taga, na gan ta a yashe a sito, an ɗora mata tsintsiya da bokiti. Na san kara ne, yallaɓai, ban haukace ba. Na dai kasa barinta a wurin. Na ɗora ta a jaki, na kai ta bakin burtalin da muka yi niyyar biyowa."

Sufeto ya dubi awarwaron da ke hannun tsohon. Shekarunsa na aiki, gawa yake tonowa ya nemi wanda ya ƙi ta. Yau ne ya tono kara, ya sami wanda ya so shi.

"Dole ka biyo ni, Baffa. An fasa sito, kuma sai an rubuta bayaninka. Amma mu fara zuwa Ɗanzomo."

A ƙofar dagaci tsohon ya maimaita maganarsa a tsaye, bai rage kome ba. Liman ya share ido da rawaninsa. Malam Ilu, wanda aka taho da shi shaida, ya ce shi ba shi da ƙara, kuma ba ya bukatar a mayar masa da kome.

Aka fito da Barau. Hamma Sajo ya durƙusa a gabansa.

"Na jawo maka abin da ba ka ji ba, ba ka gani ba. Ka yafe mini."

Barau ya ɗago shi da hannu biyu. "Da ka yi shiru, Baba, da yau ba ni da gari. Ni ne da godiya." Ya juya ga Sufeto. "Yallaɓai, in kun gama da kayan, a mayar da su ramin. Kunyar noman nan ta bakin burtali na bar ta, ba zan ƙara sa mata fartanya ba."

Dogo ya ciro ankwa. Sufeto ya girgiza kai, ya buɗe wa tsohon ƙofar gaba da kansa. Motar ta juya ta ɗauki hanyar Gumel, Hamma Sajo yana waiwaye, Barau kuwa ya riga ya nufi gona, ɗauke da itatuwan kabarin a kafaɗa.